Da Sauƙi, In Ji Taibatu

"Taibatu, ki faɗa mishi gaskiya mana!"

"Ai na faɗa, Malam... da sauƙi."

Labbo mahauci ya dubi matarsa, ya dubi likitan da aka turo ƙauyensu na ƙasar Maradun. Ruwan dam ɗin Bakolori na shirin cinye garin, za a tashi kowa zuwa sabon matsuguni. Mota ɗaya ce tak, ta waɗanda ba su iya tafiya. Saura kowa da ƙafarsa.

Likita ya yi ajiyar zuciya. "Wannan ciwon jijiya ne, yau ya kama ƙafa, gobe ya saki. Ba ya ganuwa da ido, sai abin da kika faɗa mini. Za ki iya tafiyar?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina iyawa, alhamdulillahi."

Wallahi daɗi Labbo ya ji! Bai sake tambaya ba. Har shagali ya yi, ya gasa mata tsire da yamma.

Ranar tashi, mota ta wuce su da ƙura. Taibatu na jan ƙafar hagu, tana murmushi duk sanda ya waigo. Rana na take tsaka, zafi ya taso, ƙafafun suka ƙi ta gaba ɗaya. Ta zube gefen hanya kamar buhun gero.

"Innalillahi! Taibatu!"

Ya watsar da kayansa ya tallabo ta.

"Don mi? Don mi kika ce kina iyawa, hasken idona?"

Hawaye suka zubo mata. "Kullum kana tambayata jiki da ƙafa guda a waje, za ka kasuwa... Ina ganin tsoro a idonka, Malam. Sai in ba ka amsar da kake so."

Maganar ta soke shi. Gaskiya ce, kuma ya sani. Shi da ke shafa saniya ya gane inda ke mata ciwo, bai taɓa tsayawa ya saurari matarsa ba.

Ya goya ta gaban dattawa da surukai, bai ji kunyar kowa ba. Tun daga ranar Taibatu ba ta sake takawa da kanta ba.

A bayansa take, suna tafe, ya ce, "Faɗa mini duka. Ba ni zuwa ko'ina."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa. "Tun ina amarya ya fara..."

Labbo ya fashe da kuka. Ɗiyarsu ta fari ce ke biye da su, ɗauke da tulu, har ta zama budurwa.