Wirda da Malamin Gudu

Ranar da Wirda ta fara haɗuwa da Danang, a durƙushe take a gefen filin wasa na garin Bukittinggi, tana haki kamar ranta zai fita. Ko zagaye ɗaya ba ta gama ba.

Ba son gudu ne ya fito da ita ba, tsoro ne. Ciwon suga ya cinye mahaifinta a kan idonta, kuma likita ya gaya mata ita ma ta kama hanya. Tun tasowarta a gidan abincinsu take, tana juya naman rendang a madarar kwakwa tana ɗanɗanawa. Gudu kam rabonta da shi tun firamare.

Wani saurayi ya tsayar da kekensa, ya miƙa mata gorar ruwa.

"Wa ya biyo ki?" ya tambaya.

"Ba kowa."

"To me ya sa kike gudu kamar an biyo ki? Gobe ki zo mu yi tafiya kawai."

Ta harare shi, amma ta karɓi ruwan. Washegari kuma ta zo.

Danang ɗan tsibirin Java ne, koyarwa ta kawo shi garin. A da shi ma ɗan tsere ne, kafin haɗarin babur ya lalata masa gwiwa. Yanzu sai dai ya bi 'yan ƙungiyar gudu a keke, yana ba su ruwa da shawara.

Da tafiya suka fara. Daga nan ya ce ta yi sassarfa zuwa wancan turken fitila, ta huta, ta nufi na gaba. Cinyoyinta suka yi tsami har sallah sai a zaune. Sau da yawa ta rantse ta daina, sai saƙonsa ya shigo bayan asuba:

"Kunkuruna, fili yana tambayarki. Na ce masa kina ɗaura takalmi. Kada ki mai da ni maƙaryaci."

Ita kuma ta amsa, tana kiransa Mas yadda mutanen Java ke girmama namiji: "Mas Danang, kai ba ka da tausayi. Ga ni nan."

Kafin damina ta wuce tana zagaye filin ba tsayawa. Suka koma hanyar bakin kwazazzabo, tana gudu yana gefenta a keke yana ba ta labarin garinsu don ta manta da tudu. A saman wani tudu ne ya ce mata shi fa ba ɗalibarsa kawai yake kallo ba. Wirda ta sunkuyar da kai ta ce haki ne ya hana ta magana. Su biyun sun san ba haki ba ne.

Suka yi alkawarin za ta shiga tseren kilomita ashirin da ɗaya da ake yi a birnin Padang, shi kuma zai jira ta a ƙarshen layi.

Da maganar ta isa gida, Kawu Syafril, yayan mahaifiyarta, ya ce bai san zancen ba. A al'adarsu auren 'yar ƙanwa a hannun kawu yake, shi kuwa ya riga ya hango mata wani ɗan dangi mai shagunan yadi a Jakarta. Ya ce baƙo ne Danang, ba shi da kowa a nan, in magana ta taso wa za a zauna da shi? Wirda ta ce ba ta son mai yadin. Kawu ya ce ba zai tilasta mata ba, amma shi ma ba mai tilasta masa zama da baƙo. Mahaifiyarta, wadda suke kira Amak, ta ci gaba da yankan albasa.

A ƙungiyar gudun akwai Fitria, wadda ta fi kowa sauri, ta kuma daɗe da sa ido a kan Danang. Ita ta same shi ta ce ai an gama magana, dangin Wirda da na mai yadin sun yi musayar kayan baiko, kunya ce ta hana Wirda faɗa masa. Danang mutum ne mai zurfin ciki. Bai tambaya ba. Ya nemi canjin wurin aiki, ya tura saƙo ɗaya:

"Wirda, na koma gida. Ki ci gaba da gudu, kin riga kin iya. Ki yafe mini."

Ta kira, bai ɗauka ba. Da ta tambayi Fitria, sai Fitria ta kaɗa kafaɗa, ta kira ta Uni, wato yaya, ta ce, "Ai haka yake da duk sabon shiga. Tausayi ne, ke kika ɗauke shi da zafi."

Wirda ta jefa takalman ƙarƙashin gado. Ta koma bakin tukunya, tana aiki ba ta magana. In ta ji ƙararrawar keke a titi sai gabanta ya faɗi, ta leƙa, ta ga mai sayar da kifi ne.

Wata safiya Amak ta shigo da tsintsiya, ta jawo takalman, ta karkaɗe su.

"Na binne babanki," ta ce. "Ba zan zauna ina kallonki kina binsa ba. In don yaron nan kika fara, to ki ƙarasa don ni."

Wirda ta koma hanya ita kaɗai. Numfashin da ta tara duk ya zube, sai da ta sake farawa daga turken fitila. Babu mai miƙa ruwa, babu mai labari. A tudun nan da ya furta mata, kullum sai ta yi kuka, amma ƙafarta ba ta tsayawa. A hankali ta lura gudun ya zama nata. Shi ne kaɗai lokacin da ƙirjinta ke ciwo don wani dalili daban.

Ranar tsere zafin Padang ya kusa kayar da ita. Ta shigo cikin na ƙarshe-ƙarshe, ana ta naɗe tutoci. Duk da ta san ba ya nan, sai da ta duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Amak ce kawai tsaye da lema.

A motar komawa ta ɗauki hoton lambar yabon ta tura masa: "Na gama. Ba don ka ji tausayina na turo ba."

Amsa ta zo nan take: "Na san za ki iya. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da maigidan."

"Wane maigida?"

Wayar ta yi ƙara. Danang ne, nan suka gane ƙaryar da Fitria ta shirya musu. Tana jin shessheƙarsa, yana jin tata. Da ƙyar ya ce, "Da na tambaye ki." Ta ce, "Da ka tambaye ni, Mas."

Amak tana gefe ta ji komai. Da suka isa gida ta aika a kira yayanta. Ta zuba masa shayi, ta ce ta girmama shi duk rayuwarta, amma a al'adarsu gidan nan gadon mata ne tun kakanninsu, kuma ta ga wanda ya tsayar da 'yarta da ƙafafunta. In rashin dangi ne, a nema masa dangin da za su karɓe shi, ai an saba yi. Kawu Syafril ya daɗe yana juya kofi, sannan ya ce a gaya wa yaron ya zo da manyansa.

Aka yi biki bayan ƙaramar sallah. Dangin amarya suka je da kiɗa suka ɗauko ango, yana ɗingishi cikin kayan zinariya. Wirda tana zaune ƙarƙashin dogon kambin amare mai nauyi, hawaye na bin kwalliyarta. Kawu da kansa ya kama hannun Danang ya zaunar da shi kusa da ita.

"Ga ta nan," ya ce. "Kada ka ƙara tafiya ba ka tambaya ba."

Amak ta dafa kawunansu ta ce Allah ya ba su lafiya da tsawon rai, ya sa su tsufa tare. Duk ɗakin aka amsa da amin.