Mai Gado na Tara

A ɗakin majinyatan da aka fid da ran warkewarsu, abu na farko da aka koya wa ɗalibar jinya shi ne kada a bar mai gargara shi kaɗai.

Ranar da ta fara aikin dare, tsohon da ke gado na tara ya kira ta.

"'Yata, matso mana. Ko tsorona kike ji?"

"Haba Baba," ta ce, ta riƙe hannunsa. Sanyi ƙalau. Ta ɗora yatsu biyu tana neman bugun jini, idonta a kan agogo. Minti ya cika ba ta ƙirga ko ɗaya ba.

"Daina wahalar da kanki, tun magariba ya tsaya," in ji shi. "Yarana nake jira. Har yanzu ba wanda ya zo ko?"