Zoben Mai Agogo

Sufeto ya tsani gida mai shiru, shirun wannan kuwa har toshe kunne yake. Agogunan bango sun cika ɗakin, amma ba wanda ke tafiya. Tsohon da ke gyaransu na kwance a gado. Shanyewar jiki ta ƙwace masa baki da gaɓoɓi, ta bar masa idanu da yatsa ɗaya mai zoben azurfa.

A gindin gadon aka tsinci gawar nas ɗin da ke zuwa jinyarsa kowace safiya, ƙeyarta ta bugi bakin tebur. Filon tsohon na yashe a ƙasa da ɗigon jini a tsakiyarsa.

"Auta ce, Yallaɓai," in ji babban ɗan gidan, wanda kowa ke kira Yaya Babba. "Ƙanwata ce, amma gaskiya gaskiya ce. Jiya ma sai da suka yi cacar baki da nas ɗin. Ka tambayi Baba, a gabansa aka yi. Da zobe yake amsawa. Ɗaya a'a, biyu e."

Sufeto ya duƙa. "Baba, 'yarka ce ta ture ta?"

Zoben ya bugi ƙarfen gado. Ƙwas. Yatsan ya daɗe yana rawa kafin ya sake ɗagawa. Ƙwas.

"Ka ji dai," in ji Yaya Babba, yana share ido.

Tsohon bai kalli ɗansa ba. Sai ya zuba wa Sufeto ido ko ƙiftawa babu.

A falo Saje ya tsare Auta, ya riga ya fito da ankwa. Da ta ji hukuncin zoben sai ta miƙe tsaye.

"Biyu ai a'a ne! Wasanmu ne tun muna yara. Baba zai kawo labari mai ɗaure kai, a ce an ga gawar mutum a ɗaki a kulle, mu yi ta tambaya, shi kuwa ba ya cewa uffan, sai dai ya buga zobe a teburin aikinsa. Ɗaya e, biyu a'a. Ni a tafi da ni, ban damu ba. Amma don Allah kada ku bar Baba da Yaya."

Sufeto ya sha ganin mai laifi yana kuka, don haka hawaye ba sa sayensa. To amma ga 'ya'ya biyu, ga fassara biyu, dole ɗaya ƙarya yake. Ya koma ɗakin, ya sa aka shigo da su duka. Ruwan sama ya riga ya sauko, yana dukan gilashin taga.

"Baba, mu yi wasanka," in ji shi. "Ana ruwa a waje?"

Ƙwas. Aka jira. Yatsan ya kwanta.

"Ni mace ce?"

Ƙwas. Can kuma, ƙwas.

Saje ya so yin dariya, amma da ya ga fuskar Yaya Babba sai ya haɗiye ta, ya matsa ya tare ƙofa.

"Baba ya rikice ne," in ji Yaya Babba. "Ciwo ya taɓa masa kai."

"Kansa ya fi nawa kyau," in ji Sufeto. Ya ɗauki filon yana juya shi. Nas a ƙeya ta ji ciwo, me ya kai jini tsakiyar filo? Ya dubi leɓen tsohon, ya ga ya fashe ta ciki.

"Baba, wanda ya shigo, don nas ya zo?"

Biyu.

"Don kai ya zo?"

Ɗaya.

"Yana cikin ɗakin nan?"

Ɗaya. A karon farko idanun tsohon suka juya a hankali, suka sauka a kan ɗansa.

Yaya Babba ya sulale ya zauna a ƙasa. "Na gaji ne, Yallaɓai. Ni ke ɗaga shi, ni ke wanke shi, amma in ya buɗe ido Auta yake nema. Tun muna yara haka ne, ita ke cin wasan, ni a yi mini dariya. Na danna masa filo, nas ta shigo ta riƙe ni, na hankaɗe ta. Wallahi ban yi nufin ta mutu ba."

Saje ya ɗaura masa ankwar da aka tanadar wa ƙanwarsa. A bakin ƙofa ya tirje, ya waiwayo.

"Baba, ka yafe mini?"

Ƙwas.

Ya fashe da kuka irin na wanda aka sauke wa kaya, yana ta godiya har muryarsa ta ɓace a cikin ruwa. Auta ta bi su da gudu tana kiran Yaya.

Sufeto ne ƙarshen fita. Ya ɗora hannu zai ja ƙofa ke nan, sai ya ji zoben ya sake bugun ƙarfen gado a bayansa. Ya tsaya jim, sannan ya rufe ƙofar a hankali. Har ya bar aiki bai gaya wa kowa ba.