Gefe Ɗaya Aka Bar wa Noemi

A kicin ɗin gidansu da ke El Paso, Noemi ta kifa kai a kan tebur, ta gaji da sauraro. Mako biyu ke nan da aka gano ciwon daji a ma'ajiyar ƙwan haihuwarta ta hagu, saura wata huɗu bikinta da Efraín.

"A cire komai, har mahaifar!" in ji mahaifiyarta, Doña Socorro. "'Yata nake so, ba jika ba!"

"Mami, don Allah... likita ta ce irin wannan yana jin magani. Gefe ɗaya za ta cire, ta bar min ɗayan."

Doña Amparo, mahaifiyar Efraín, ta taɓe baki. "Shi kaɗai na haifa. A ɗaga bikin, mu ga abin da zai rage."

"Abin da zai rage?" Efraín ya miƙe. "Haba Mama! Mota na zo saya?"

Aka yi tiyata yadda Noemi ta zaɓa, aka ɗora ta a kan ƙarin ruwan magani zagaye uku. Gashinta ya zube, al'adarta ta ɗauke, ko ƙanshin abinci sai amai. Doña Amparo ta daina ɗaga wayar ɗanta.

Wata safiya a mota, za su tafi asibiti, Noemi ta zare zoben baikonta, hawaye na zuba. "Ungo. Na gaji, Efraín. Je ka shirya da mamarka."

"Ni ma na gaji," ya ce, ya mayar mata a yatsa. "Sai mu gaji tare — sa bel ɗinki."

A kotu suka yi aure, amarya da ɗankwali don rashin gashi, uwar ango ba ta zo ba. Bayan wata takwas al'ada ta dawo. Shekara biyu suna zaryar gwajin jini, ana duba ko ciwon ya dawo. A ta uku Noemi ta haifi mace.

Doña Amparo ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa, ta kasa shiga.

"Shigo mana, Mama," in ji Noemi da dasasshiyar murya. "Karɓe ta, hannuna ya sage."

Tsohuwar ta karɓa tana kuka. "Na zalunce ki, 'yata."

Haƙuri ya yi musu rana. Mace dai ba don haihuwa kaɗai ake son ta ba, kuma mai ƙaunarka a bakin gadon jinya ake gane shi.