Allon Gadon Lubabatu

Lubabatu na tsakar gida tana dirzar gadon ƙarfen marigayiya mahaifiyarta da toka, sai mahaifinta Malam Harisu ya shigo ya zauna a bakin rijiya, bai ko cire hula ba. Saura mako uku a ɗaura mata aure da Jabir, mai ɗinkin sit na babura a bakin tashar Illela. Bana albasar Malam ta ruɓe tun ba ta ga kasuwa ba, don haka wannan gadon ne za a kai ta da shi.

Ya ce saƙo ya iso daga Hajiya Mu'minat, gwaggon Jabir da ta riƙe shi tun yana goye, mai fataucin atamfa zuwa Ƙonni. Wai ɗakin ɗanta ba asibiti ba ne da za a girka masa ƙarfe tsirara. In babu gado mai allo irin na amaren yanzu, a ɗaga biki har sai an samu.

"Ni ma ɗagawar ta fi mini, ɗiyata, da a kai ki inda za a yi miki gori."

Hawayen Lubabatu suka ɗiga cikin tokar. Ta san "sai an samu" ɗin nan albasar baɗi ake nufi, in ma ta yi.

Bayan la'asar Jabir ya zo zance, yana jin labari ya bugi ƙirji. Ya ce shi da ya taɓa ɗinke sit ɗin da raƙumi ya tauna, har mai babur ya rantse sabo ne, gado mi ne? Zai saya a Sakkwato, a shigo da shi ta bayan gida, a ce Malam ne ya yi. Lubabatu ta girgiza kai. Gado na uban amarya ne, ta ce, kuma asiri a Illela ba ya wuce ranar kasuwa. Ran da maganar ta fito, Baba ba zai sake ɗaga kai a masallaci ba.

"To mi kike so in yi, Luba?"

"Koya mini yadda kake lulluɓe sit. Sauran ka bar mana."

Ya koya mata, rabi darasi rabi cika baki. Soso da yadi ba su yi wuya ba, katako ne ya gagara. Da safe Lubabatu ta ji bugun guduma, ta fito ta tarar Malam ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa, ya rataya asabari a wurin. Ta fara magana, ya ce ta miƙo masa zarto.

Kwana biyar suna kai. Malam ya rage ƙyauren daidai faɗin gado, ya huda shi layi-layi da ƙusa mai zafi. Ita ta shafa gam ta manna soso, ta ja yadi mai ruwan ƙasa ta naɗe ta baya, suna bi da ƙananan ƙusoshi. Sau biyu yadin ya tattare suka warware. Daga ƙarshe ta lulluɓe maɓallai da ƙyalle, tana zura basilla ta hudar tana ja, Malam na ɗaurewa ta baya, har allon ya lotsa gida-gida. Da suka ɗaure shi a jikin gadon aka shimfiɗa zani, Malam ya daɗe tsaye yana kallo.

Shi ma Jabir ya gani. Amma da yake bakinsa ba shi da birki, sai ya wuce wurin Gwaggo ya shafa mata cewa an kawo wa Luba gado daga Kwatano, orijinal, dizayin da ko matar kwastan ba ta da shi.

Washegari sai ga Hajiya, Jabir na biye. Ta danna allon da yatsa, ta shafa maɓallan, fuskarta ta saki. Ta juya ga Malam tana cewa ai kayan Kwatano ba ya ɓoyuwa, tun farko da an faɗa mata da ba a yi ta aike-aike ba. Jabir kuwa daga bayanta sai kifta wa Lubabatu ido yake yi.

Lubabatu ta san shiru kawai za ta yi, biki ya tabbata. Ta dubi hannun mahaifinta da guduma ta fasa, sai ta durƙusa.

"Gwaggo, ba daga Kwatano ya zo ba. Ni da Baba muka yi shi a nan gidan. A ƙarƙashi kuma gadon Innata ne."

Hajiya ta waiga ta dubi Jabir, ya hau nazarin takalminsa. Ta sa aka jawo gadon, ta leƙa baya, ta ga tsohon katako da gurbin sakata. Ta ɗaga ido ta hangi asabari na lilo a ƙofar ɗakin Malam.

"Malam, ashe ni na cire maka ƙofa," ta ce a hankali. "Ka yafe mini. Rana tana nan yadda aka sa."

Ta kamo Lubabatu ta tayar, ta ce yarinyar da ta ƙi shiga gidansu da ƙarya, ko a tabarma aka kawo ta an gama musu komai. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma, mutumin Kwatano, kafin ɗaurin aure ka yi wa surukinka sabon ƙyaure. A ka za ka ɗauko shi, ta tsakiyar kasuwa."

Haka kuwa aka yi, kuma har yau Jabir na ba da labarin cewa ƙyauren ya fi buhun gero uku nauyi. An kai Lubabatu ɗakinta a ranar da aka sa, da gadon mahaifiyarta da aikin hannun mahaifinta. 'Yan mata, abin da kuka yi da haƙuri kuka faɗi gaskiyarsa, babu mai iya yi muku gori da shi.