Abin da Mama Ta Bar Mana a Jini

Likitar ta juyo da takardar gabana, ta ɗora yatsa a kan layi na uku.

"Kina ɗauke da shi, irin na yayarki."

Na kasa ɗaga kai.

Ta yi min bayani a hankali. Ta ce ba ciwon ne da ni ba, wani ɗan canji ne a ƙwayar halittar da ake gado daga uwa ko uba, wanda ke sa sankarar nono ta kama mace tun da ƙuruciya. Yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa, amma zuwan ya fi rinjaye. Duk ɗan da na haifa kuma, yiwuwar ya gaje shi rabi da rabi ce.

Mama ta rasu tana da shekara talatin da tara. Yaya tana talatin da ɗaya aka cire mata nonon hagu. Ni ina ashirin da shida, saura wata biyu aurena da Dogo.

Daga asibiti shagonsa na wuce. Kafinta ne. Na same shi yana goge allon gadonmu, garin katako har cikin girarsa. Ya yi dariya, ya ce gadon nan sai jikokinmu sun gaji da shi.

"Auta, masoyiyata, yau wa ya taɓa min ke?"

Na ce rana ce kawai. Na koma gida da takardar a jaka.

Na manta cewa 'yar ƙanwar mahaifiyarsa a wurin yankar kati take aiki a asibitin, kuma ta daɗe tana sonsa. Kafin mako ya zagayo, mahaifiyarsa ta aiko a kira ni.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta zaunar da ni kusa da ita, ta riƙe hannuna. Ta ce ta san Mama, ta ga yadda ta koma kafin ta cika, kuma ba za ta iya zuba ido ɗanta ya yi jinyar mata sannan ya dawo ya yi ta 'ya'ya ba.

"Ba ƙin ki nake ba, 'yata... tsoro nake ji."

Dogo yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya rako ni har titi. Sai da mota ta tsaya ya tambaye ni me ya sa sai a bakin wasu zai ji. Na shige motar.

Sati uku bai kira ba.

Na koma gidan Yaya da zama ina taya ta wanke ciwo. Mijinta bai rabu da ita ba, yana sayo magani, yana kai ta asibiti. Amma duk sanda za ta canza riga sai ya tuna yana da abin yi a waje. Ta ce min in mutum zai tafi, gara ya tafi tun ina da ƙafar tsayuwa. Na rubuta wa Dogo saƙo cewa na yafe masa alkawari.

Washegari da hantsi ya zo, ya rame, riƙe da littafin da yake rubuta awon katako. Ashe wurin likitar ya je da kansa. Ya cika shafi huɗu: yaushe za a riƙa ɗaukar hoto, me aikin cirewa tun kafin ciwo yake nufi, yaushe ake gwada yara.

"Ba zan ce miki ba na tsoro ba," ya ce. "Amma sati ukun nan na gwada rayuwa babu ke. Ita ta fi ba ni tsoro."

Na ce masa wata rana zai iya buɗe ido ya gan ni ba yadda ya aure ni ba.

"To zan kalle ki a haka."

Aka ɗaura auren ba taro. Mahaifiyarsa ta zo a makare, ta sa mana albarka idonta a ƙasa.

Wata biyar muka yi cikin daɗi, har nakan wuni ban tuna ba.

Wata safiyar Talata ina wanka, hannuna ya tsaya a gefen dama, kusa da hammata. Ɗan abu ne kamar ƙwayar wake, mai tauri, ba ya zafi. Na daɗe a tsaye ruwa na zuba.

Na fito na same shi yana ɗaura agogo zai tafi shago. Na kama hannunsa na ɗora a wurin.

Ya taɓa sau ɗaya. Ya sake taɓawa. Na jira ya ce ba komai ba ne.

Bai faɗa ba.

Ya ajiye makullin shagon a kan tebur, ya durƙusa ya jawo takalmina daga ƙarƙashin gado.

"Sa ƙafarki, Auta. Tare za mu je."