Tafiyar Minti Arba'in

Daga wannan ƙaramin filin jirgi zuwa na garin gaba tafiyar minti arba'in ce, kuma jirgin kamfanin bai taɓa makara ba. Haka aka rubuta a bango, haka manajan filin yake faɗa wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa kusa da shi, har ma'aikata suka sa masa suna Agogo.

Shi ya sa wata dattijuwa ta zaɓi a kai gawar mijinta gida a jirgi. A mota wuni guda ne, hanya duk ramuka. Ta ce wahalar da ya sha a asibiti ta ishe shi.

Jirgi ya sauka a kan lokaci. Dangi na jira, ta fito, akwatin gawa bai fito ba. Washegari ta biyo jirgin safe ta dawo, ta kai ƙara wajen Sufeton 'yan sandan filin.

"A gabana aka loda shi, Yallaɓai," in ji Agogo. "Masu sauke kaya na can ne ɓarayi. Har na sa an tsare biyu."

"Ɓarawo ya bar jakunkuna ya ɗauki gawa?"

"Zamani ne, Yallaɓai."

Sufeto ya koma ga dattijuwar. "Mama, kin ga lokacin da aka sa shi?"

"A'a, ɗana. Manaja da kansa ya canja mini kujera, ya ce ɗaya gefen babu rana. Har addu'a na yi masa."

Matuƙin jirgi bai ɓoye komai ba. "Hadari ya tare hanya jiya. Dole in kewaye, in ƙara gudu don kada mu makara, dole a ƙara mai, mai kuwa nauyi ne. Na ce a rage kaya."

"Me aka rage?"

"Ban tambaya ba. An ce nauyi ya yi daidai, na tashi."

Ƙishi ya kai Sufeto kantin filin. Mai kantin ta miƙo masa ruwa mai ɗumi.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Tun jiya manaja ya fitar mini da lemo da kifi, ya kulle ɗakin sanyi, wai gyara. Ga inji yana ta aiki, ban ga mai gyaran ba."

Sufeto ya ajiye ruwan. "Manaja, kawo makulli."

Akwatin yana can ciki, an lulluɓe shi da ƙyallen tallan kamfani.

Agogo ya zauna a kan kwalin lemo. "In an tsaya tantance jakunkuna, mun makara, masu su kuma su cika wuri da hayaniya. Shi kuwa guda ɗaya ne, ga nauyi, kuma ba zai yi magana ba. Na so in tura shi daga baya, amma na riga na ce an sace."

Sai da kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya cire masa agogon hannu kafin ankwa ta zauna. Sufeto ya buga waya a saki mutanen biyu.

Kamfani ya ce zai kai gawar kyauta. Dattijuwar ta yi godiya, ta fita bakin titi ta ɗauki shatar wata tsohuwar mota. Ta ƙi zama a gaba. Ta hau baya, ta ɗora hannu a kan akwatin.

"Direba, ka bi ramukan a hankali," ta ce. "Ba sauri muke ba."